CPU 2 sun cika maƙil, 30 na hutawa: a taimaka min kan rabon IRQ

Auwalu:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar nan. Muna da sabar DNS, wato mai fassara sunayen shafuka zuwa adireshin IP, tana aiki da Linux. Soket biyu ce, wato furosesa biyu, kowanne da ƙwayoyi 8, kuma tunda kowace ƙwaya na bayyana a matsayin tagwayen CPU, `lscpu` na nuna CPU 32. Katin sadarwarta na gigabit 10 ne. Da zarar cunkoso ya taso sai tambayoyi su fara ɓacewa, masu amfani su yi ta jiran amsa.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne `top` na nuna injin bai ma yi zufa ba. Sai da na danna 1 ya jera min kowane CPU daban, na ga guda biyu sun cika maƙil a ɓangaren `si`, `ksoftirqd` ɗinsu na saman jeri, sauran kuwa suna zaune.

Na shiga `/proc/irq/`, na rubuta `ffffffff` a `smp_affinity` na kowane IRQ na katin (siginar da katin ke katse CPU da ita idan fakiti ya iso), da nufin kowane CPU ya ɗauki rabonsa. Babu abin da ya canza. Da na koma na duba ma sai na tarar wasu daga ciki an goge abin da na rubuta. Ina na kuskure?

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam Auwalu. Kurakurai biyu ne, kuma kusan kowa ya taɓa yin su.

Wanda ya goge maka rubutu `irqbalance` ne, manhajar da ke raba IRQ a kan CPU da kanta. Duk bayan daƙiƙa 10 yake farkawa ya duba nauyi, kuma duk IRQ ɗin da ya ga dama ya matsar, a kan naka zai rubuta nasa, ba ya tambayar kowa.

Na biyun ya fi muhimmanci. `smp_affinity` izini ne, ba rabo ba. Idan ka rubuta `ffffffff` cewa kawai ka yi "ko'ina ka sauka na yarda". A yawancin sabobin x86 na yanzu kanel, wato zuciyar Linux, zai zaɓi CPU ɗaya daga cikin waɗanda ka yarje masa, ya tsaya a kansa. Duba `effective_affinity_list` a wuri ɗaya, za ka ga lamba ɗaya tak.

Shawarata: tsayar da `irqbalance`, ka ɗaure kowane layin katin, wato jerin karɓar fakitoci mai nasa IRQ, a CPU nasa. Layi na 0 a CPU0, na 1 a CPU1, har ƙarshe. Yi amfani da `smp_affinity_list`, a can lambar CPU kake rubutawa kai tsaye. Wancan na farko, `smp_affinity`, lissafin heks ne, wato ƙirga mai tushe 16, wanda ya rubuta 10 yana nufin CPU10 zai tsinci kansa a CPU4, don 1 shi ne CPU0, 2 CPU1, 4 CPU2, 8 CPU3, sai 10 ya faɗa kan CPU4.

Malam Sadisu:
Injiniya, kullum maganinka ɗaya ne, a kashe `irqbalance`. Yaron nan bai ma nuna mana `/proc/interrupts` ba tukuna.

Injiniya Bala:
Malam, ba zai iya gwada komai ba muddin akwai mai sauya masa saiti a bayan idonsa. A fara tsayar da shi, a gane ciwon, daga baya a yi maganar dawo da shi.

Auwalu:
Na yi yadda Injiniya ya ce. `ethtool -l` ya nuna layuka 32, na ɗaure kowanne a CPU ɗinsa. Yanzu saitin ya zauna, amma har yanzu CPU biyu ne ke ƙonewa. Bambancin kawai a da suna yawo, yau waɗannan gobe waɗancan, yanzu kuwa sun tsaya a CPU5 da CPU19.

Wani abin mamaki kuma, a `/proc/interrupts` lambobin waɗannan layuka biyu ba sa hawa da saurin da na zata. Lokacin da cunkoso ya fi tsanani ma kamar raguwa suke yi.

Hajiya Rabi:
Auwalu, wannan abin da ka lura da shi a ƙarshe shi ne bakin zaren, kada ka wuce shi.

Mutane da yawa suna ɗaukar cewa duk fakitin da ya iso sai katin ya katse CPU sau ɗaya. A ce haka ne da babu injin da zai rayu. Layin gigabit 10, idan aka cika shi da ƙananan fakitoci masu bayit 64, yana kawo kusan miliyan 14.88 a daƙiƙa, wato fakiti ɗaya duk bayan nanosakan 67. Shi ya sa aka yi NAPI. Fakitin farko ne ke buga ƙararrawa. Direba sai ya rufe katsewar wannan layin, ya koma kwasar fakitoci da kansa daga zoben katin, galibi 64 a kowane ɗiba, kuma zagaye ɗaya ba ya wuce `netdev_budget`, wanda asalinsa 300 ne. Sai ya tarar da zoben babu komai sannan ya sake buɗe katsewar. To layin da bai taɓa ƙarewa ba, yaushe za a sake buɗe masa? Shi ya sa layin da ya fi kowanne wahala zai iya nuna maka ƙaramar lamba a `/proc/interrupts`. Aikin ya koma ɓangaren katsewa mai taushi, wato `si` ɗin da `top` ya nuna maka, kuma idan ya ƙi ƙarewa kanel ya miƙa shi ga `ksoftirqd`, wanda ka gani a saman jeri.

Ma'ana, IRQ ɗin ɗan aike ne kawai. Duk CPU ɗin da ya sauka a kai, shi ne zai yi dakon fakitocin layin gaba ɗaya. Ka matsar da shi ko'ina, kayan za su bi shi.

Don haka tambayar ba "wane CPU" ba ce yanzu. Tambayar ita ce me ya sa layuka biyu cikin 32 ke ɗauke da komai. Turo mana waɗannan:

`ethtool -S` na katin, ɓangaren da ke ƙirga fakitocin kowane layi da waɗanda aka zubar
`ethtool -n eth0 rx-flow-hash udp4`
`/proc/net/softnet_stat`

Sannan ka gaya mana, tambayoyin nan daga ina suke shigowa? Kai tsaye daga masu amfani, ko akwai wani abu a gaba?

Auwalu:
Hajiya, Allah ya ƙara basira. Layi na 5 da na 19 ne ke da kusan dukkan fakitocin, sauran ɗan abin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba. Lambar waɗanda katin ya zubar tana hawa ina kallo.

Na biyun ya nuna `IP SA` da `IP DA` kawai, babu wani abu bayansu.

A `softnet_stat`, layukan CPU5 da CPU19 ne kaɗai ke da babbar lamba a shafi na uku.

Game da tambayarki, akwai na'urorin raba kaya guda biyu a gaba. Su ke karɓar tambaya su turo mana da adireshinsu, ba da na mai tambayar ba.

Hajiya Rabi:
To ga shi nan. Ruwa ba ya tsami banza.

Katin ne ke zaɓar layin da fakiti zai faɗa, da tsarin da ake kira RSS. Yana ɗaukar wasu bayanai daga kan fakitin, ya yi musu lissafin hash, sakamakon ya nuna masa layi ta wani teburi da za ka iya gani da `ethtool -x`. Naka katin a UDP adireshin mai turowa da na mai karɓa kawai yake dubawa. Masu turowa biyu ne, mai karɓa ɗaya, amsar lissafin ba za ta wuce biyu ba ko da layuka dubu gare ka. Gwada wannan:

`ethtool -N eth0 rx-flow-hash udp4 sdfn`

Haruffan `f` da `n` su ne za su sa ya haɗa da lambobin ƙofa (port) na ɓangarorin biyu. Idan kuna da IPv6 ka maimaita da `udp6`. Amma ka tabbatar na'urorin gaban suna sauya ƙofar turowa, in ba haka ba nan ma wuri ɗaya za a tsaya.

Shafi na ukun da ka gani shi ne adadin lokutan da zagayen kwasa ya ƙare alhali da sauran aiki. Lambobin heks ne, kada ka karanta su kamar na yau da kullum.

Nura:
Hajiya a yi min afuwa, ni sabon shiga ne. In dai haɗa lambar ƙofa ya fi, me ya sa ba a sa shi tun daga farko ba?

Hajiya Rabi:
Tambaya mai kyau Nura. Saboda fakitin da aka tsaga ne. Idan saƙon UDP ya fi ƙarfin hanya aka gutsuttsura shi, gutsuren farko ne kaɗai ke ɗauke da lambar ƙofa. Katin ba zai iya lissafa gutsattsarin da ƙofa ba, sai su bi layi daban da wanda cikakkun fakitocin zance ɗaya suke bi, na baya ya riga na gaba isa. Wasu direbobin sun zaɓi su kauce wa wannan. A wurin Auwalu abin da ke shigowa tambayoyin DNS ne, ƙanana ne, ba a tsaga su, kuma kowacce zaman kanta take yi. Da a ce bidiyo ko murya ce ke shigowa a manyan fakitoci, da na ce ya yi tunani sau biyu.

Auwalu:
Alhamdu lillahi, zubarwar ta tsaya cak. Duk layukan 32 yanzu suna motsi, babu CPU ɗin da ya cika.

Sai dai akwai wani abu. Matsakaicin lokacin amsa ya yi kyau, amma na ƙarshen jeri, wato mafi jinkirin kashi ɗaya cikin ɗari, bai sauka yadda na so ba, yana ta tsalle. Kuma idan na tara aikin dukkan CPU ɗin, ya fi na da yawa sosai, fiye da abin da ƙarin fakitocin zai iya bayyanawa.

Malam Sadisu:
Yanzu aka zo wurin. Auwalu, buga `cat /sys/class/net/eth0/device/numa_node`, sannan `local_cpulist` a wuri ɗaya.

Auwalu:
Na farko ya ce 1. Na biyu ya ce `8-15,24-31`.

Malam Sadisu:
Ka gani ko, Injiniya? Katin a jikin soket na biyu yake. Ramin PCIe ɗinsa can yake haɗe. Shawarar "layi na 0 a CPU0" ta tura rabin layukan zuwa ɗaya soket ɗin, inda duk fakitin da ya iso sai ya tsallaka gadar da ke tsakanin soket biyu kafin a taɓa shi, amsa ma ta sake tsallakowa. Kuma CPU5 da CPU19 da suka sha wuya ɗazu duk a ɓangaren nesa suke.

Wannan `irqbalance` da ake rainawa ya san da haka. Yana karanta tsarin injin, ya san wace na'ura ke kusa da wane soket, waɗanne ƙwayoyi ke raba kesh, wato ƙaramin memori mai sauri na jikin CPU, yana ƙoƙarin ajiye IRQ a gidansu. An cire mai gadin da ya san unguwa, aka raba kaya daidai wa daida ba tare da duba wa ke kusa da wa ba. Daidaito a kan allo ba shi ne sauri ba.

Injiniya Bala:
Na karɓi wannan. Da na tambayi soket ɗin katin kafin na ba shi jeri, kuma ya faɗa tun farko cewa injin soket biyu ne. Laifina ne.

Amma ban janye maganata kan `irqbalance` ba. Duk tsawon lokacin da layuka biyu ke ƙonewa me ya yi? Ɗaukar wutar yake daga wannan ɗaki ya kai wancan. Duk matsarwa kuma tana nufin sabon CPU zai fara da kesh mai sanyi. A injin da aikinsa ɗaya ne, kuma ana auna shi da jinkirin ƙarshen jeri, ina son in san inda kowane layi yake yau, in kuma same shi a nan gobe. Idan abu ya lalace da tsakar dare, ba na son in fara da tambayar wa ya matsar da me.

Malam Sadisu:
Kai injuna nawa kake riƙe da su? Wanda ke kula da guda biyar zai iya zama ya sassaƙa kowanne da hannu. Wanda ke da ɗaruruwa, kala-kala, wasu soket ɗaya wasu biyu, wasu ma a cikin injin kwaikwayo suke da `virtio`, sikirif ɗin da ya dace da wannan shi ne zai kashe wancan. Na taɓa gadon wasu sabobi da wani ya bar musu irin wannan sikirif, lambobin IRQ a rubuce ƙiri-ƙiri a ciki. An sauya kati, lambobin suka motsa, sikirif ɗin ya ci gaba da ɗaure abin da ba shi ba, layukan gaskiyar kuwa babu mai kula da su, tunda an kashe `irqbalance`. Watanni aka yi ana zargin manhaja.

Injiniya Bala:
Wannan laifin mai rubutun ne. Ba a rubuta lambar IRQ da hannu, ana nemo ta ne da sunan katin daga `/proc/interrupts`, ko daga `msi_irqs` a ƙarƙashin na'urar, duk lokacin da injin ya tashi.

Malam Sadisu:
Na yarda. Amma mutum nawa ke yin hakan?

Zainab:
Iyayena, ku bari in sa baki. Ni a ganina ba dole sai an zaɓi ɗaya ba. `irqbalance` na da `--banirq` da ke hana shi taɓa wani IRQ, kuma tunda lambobi na sauyawa, akwai `--policyscript`: yana kiran sikirif ɗinka a kan kowane IRQ, ya ba shi hanyar na'urar, idan ka mayar masa da `ban=true` ya ƙyale ta. Sai katin ya zama a hannunka, sauran tarkacen injin a hannunsa. Akwai kuma `IRQBALANCE_BANNED_CPUS`, ko `IRQBALANCE_BANNED_CPULIST` a sababbin fitowa, don hana shi jibga wani abu a kan ƙwayoyin da ka ware wa katin.

Auwalu, in kana da faifan NVMe a injin, kada ka ɓata lokaci kan IRQ ɗinsu. Kanel ne ke riƙe da su da kansa, ko ka yi ƙoƙarin rubutawa zai ƙi.

Auwalu:
Ai kuwa na gwada jiya ya ƙi, na ɗauka wani abu na lalata. Na gode Zainab.

To yanzu layuka 16 zan yi, a kan 8 zuwa 15 da 24 zuwa 31?

Hajiya Rabi:
Kafin nan duba `thread_siblings_list` a ƙarƙashin `/sys/devices/system/cpu/cpu8/topology/`. Ina kyautata zaton zai ce maka 8 da 24. Idan haka ne, waɗannan biyun ƙwaya ɗaya ce mai fuska biyu, injin lissafi ɗaya suke rabawa, kesh na kusa ma ɗaya. Layuka 16 a kansu ba ƙarfin ƙwayoyi 16 ba ne.

Kuma yawan layuka na da nasa farashin, shi ne rabin abin da ya sa jimillar aikinka ta hau. Lokacin da layuka biyu ke ɗauke da komai, kowane ɗiba cike yake. Da ka watsa kayan a 32, kowane layi ɗan kaɗan yake samu, sai a katse CPU saboda fakiti ɗaya ko biyu, a koma barci, a sake tashinsa. Idan ma ya nutsa a barci mai zurfi don tanadin wuta, tashin kansa na cin lokaci, kuma a ƙarshen jeri ake ganin wannan. Ni da 8 zan fara: `ethtool -L eth0 combined 8`, a ɗaure su a 8 zuwa 15. Ka sani wannan umarnin na iya yanke sadarwa na ɗan lokaci, kuma lambobin IRQ na iya sauyawa bayansa, don haka ka cire injin daga bayan na'urorin gaban tukuna.

Sai babban abin da har yanzu ba wanda ya tambaya: ita manhajar DNS ɗin a ina take gudana? Idan an kwashe fakiti a soket na biyu, manhajar kuma tana zaune a na farko, gadar da muke gudu ita za a hau. Sa ta a soket ɗin katin da `numactl`, har da memorinta. Ka kuma duba ko tana amfani da `SO_REUSEPORT`, wanda ke ba manhaja damar buɗe wuraren karɓa da yawa a ƙofa ɗaya, ya kuma shigo tun Linux 3.9 a 2013. In ba haka ba, layuka takwas za su zo su yi cincirindo a wurin karɓa ɗaya na manhajar, zubarwar ta tashi daga katin ta koma can. `nstat` zai nuna maka ita a `UdpRcvbufErrors`.

Nura:
Na ga wasu na maganar RPS. Shi bai da amfani a nan?

Injiniya Bala:
RPS kwaikwayon RSS ne a cikin kanel. Tom Herbert na Google ne ya kawo shi, ya shiga a 2.6.35 a 2010, lokacin da katuna masu layi ɗaya suka yi yawa. CPU ɗin da ya kwashi fakiti shi ke lissafin hash ya tura wa wani, turawar kuma sai da katse wancan ɗin. Da katin Auwalu ya ƙi karɓar `sdfn`, da shi za mu koma. Tunda ya karɓa, ƙarin wahala ne kawai.

Auwalu, idan ka gama da na Hajiya ka leƙa `ethtool -c`. In ka sa `rx-usecs`, wato mikrosakan da katin zai jira kafin ya katse CPU, a 50, layi ɗaya ba zai katse ka fiye da sau 20,000 a daƙiƙa ba, amma fakiti na iya jiran har mikrosakan 50 kafin a kula shi. Ciniki ne. Kada ka taɓa shi rana ɗaya da sauran, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Auwalu:
Na dawo da rahoto bayan kwana uku. Tagwayen kamar yadda Hajiya ta zata ne, 8 da 24. Na mayar da layuka 8 a kan 8 zuwa 15, na kunna `SO_REUSEPORT` a saitin manhajar, ashe a kashe yake. Jimillar aikin CPU ta sauka, tsallen ƙarshen jeri ya lafa sosai.

Wurin ajiye manhajar na gwada iri biyu. Da na sa ta a 24 zuwa 31, wato tagwayen masu kwasar fakiti, ta fi sauri a lokacin da babu cunkoso, amma da kaya suka yi yawa sai suka fara gogayya. Da na rage layukan zuwa 4 a kan 8 zuwa 11, na ba manhajar 12 zuwa 15 da tagwayensu, matsakaicin ya ɗan ƙaru kaɗan, na ƙarshen jerin kuwa ya fi kwanciya. A nan na bar shi. Ban taɓa `rx-usecs` ba tukuna.

Sai jiya da dare aka sake kunna injin saboda sabunta kanel, da safe na tarar da CPU biyu a cike kamar ranar farko. Ɗaurin IRQ na sa shi a sikirif ɗin tashi, amma na manta `sdfn` da adadin layukan ba sa tsallake sake kunnawa.

Malam Sadisu:
Ka haɗa su duka a wuri ɗaya, kuma a jere: adadin layuka da farko, sai hash, ɗaurin IRQ a ƙarshe, tunda na farkon na iya sauya lambobin. Ka sa ya gudana duk lokacin da katin ya tashi, ba lokacin kunna injin kaɗai ba, don sake loda direba ma na share su. Ka kuma rubuta a saman fayil ɗin dalilin kowane layi, saboda wanda zai gaje ka.

Auwalu:
Na yi hakan Malam. Na kuma dawo da `irqbalance` da dabarar Zainab, ya bar katin da ƙwayoyin 8 zuwa 15 da tagwayensu, yana kula da sauran.

Abin da ya rage min yanzu soket na farko ne, ƙwayoyi 8 na zaune babu aikin kirki. Akwai ramin PCIe a ɓangarensa da babu komai a ciki. Ina tunanin in nemi a sa kati na biyu a can, in tayar da kwafin manhajar na biyu a kansa da nasa adireshin, na'urorin gaban su ɗauke su kamar sabobi biyu. Akwai wanda ya taɓa yin haka a cikinku?

Hajiya Rabi:
Na yi, kuma yana aiki. Sai dai ka kula da hanyar fita, don idan katunan biyu suna kan zangon adireshi ɗaya, kanel zai iya fitar da amsoshin duka ta kati ɗaya. Za ka buƙaci `ip rule` da teburin hanya daban ga kowane adireshi, ka kuma duba `arp_filter`. Buɗe sabon zare idan katin ya iso, ka sa mana `numactl --hardware` da `ip route` a saƙon farko.